San Siro: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Filin Ƙwallon Birnin Milan da Rigimar Sabunta Shi

Duk mai bin ƙwallon Turai ya san San Siro, ko da a talabijin ne: manyan hasumiyoyin kankare masu murɗaɗɗiyar hanya, da jajayen ƙarafa da suka yi zuru-zuru a saman rufi. An buɗe shi a 1926, an ƙara masa girma har sau uku, sannan a 2025 hukumar birnin Milan na Italiya ta sayar da shi ga ƙungiyoyi biyun da ke wasa a cikinsa, AC Milan da Inter, waɗanda niyyarsu ita ce su rushe mafi yawansa. Ga amsoshin tambayoyin da masu sha'awar ƙwallo suka fi yi a kansa.

Wa ya gina San Siro, kuma yaushe?

Piero Pirelli ne ya sa aka gina shi, ɗan gidan masu kamfanin tayar mota na Pirelli, wanda a lokacin shi ne shugaban AC Milan. An fara aiki a 1925 a unguwar San Siro da ke yammacin birnin, kusa da filin sukuwar dawaki. Wanda ya zana ginin shi ne Ulisse Stacchini, mutumin da ya zana babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan, tare da injiniya Alberto Cugini.

Filin farko bai yi kama da na yau ba ko kaɗan. Rumfunan 'yan kallo huɗu ne miƙaƙƙu, kowace a gefe guda, kusurwoyi a buɗe, irin tsarin filayen Ingila na wancan zamani, kuma yana ɗaukar mutum kusan 35,000. Abu guda da aka yi tun ran gini wanda har yau ake cin moriyarsa shi ne ba a zagaye filin da layin tsere ba. Saboda haka ɗan kallo yana kusa da wasa, ba kamar filayen Italiya da yawa ba, inda sai ka hango 'yan wasa can nesa.

An buɗe shi ranar 19 ga Satumba, 1926, da wasan sada zumunta tsakanin Milan da Inter. Baƙin, wato Inter, su ne suka ci masu gida 6 da 3.

In na Milan ne, yaya aka yi ya koma hannun hukumar birni?

A 1935 hukumar birnin ta saye shi, shekara guda bayan ya karɓi wasannin gasar cin kofin duniya ta 1934. Daga nan har zuwa 2025, shekara 90 cur, ƙungiyoyin da ke wasa a ciki 'yan haya ne. Wanda ya riƙe wannan magana zai gane kusan duk abin da ya biyo baya, domin ɗan haya ba ya fasa bango ya ƙara ɗaki sai mai gida ya yarda, shi kuwa mai gida ba ya son kashe kuɗi sai za a yi babban taro a gidan. Haka tarihin gyaran San Siro ya kasance.

Me ya kai Inter wannan fili, alhali su da Milan ba sa ga maciji?

Asalinsu ɗaya ne. An kafa Milan a 1899, sai wasu suka ɓalle a 1908 suka kafa Inter. Kafin 1947 Inter tana wasanta a Arena Civica, wani tsohon dandali a tsakiyar gari. Da yake San Siro ya riga ya zama na hukuma, babu wanda zai ce na wane ne, sai Inter ta tare a can a 1947.

Rabon kuwa ba shi da wuya. Masu tsara jadawalin Serie A suna lura da cewa in ɗaya tana gida, ɗayar tana waje. Riƙaƙƙun magoya bayan Milan suna zama a ɓangaren kudu, wato Curva Sud, na Inter kuma a ɓangaren arewa, Curva Nord. Kowace ƙungiya da ɗakin sauya kayanta.

Abin dariya ya faru a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai ta 2003, lokacin da suka haɗu da juna. An tashi 0 da 0 a karawar farko, 1 da 1 a ta biyu, duk a fili ɗaya, kan ciyawa ɗaya. Amma a takarda Milan ce baƙuwa a karawa ta biyu, don haka aka ce ta ci ƙwallo a waje, ta wuce bisa dokar wancan lokaci mai fifita ƙwallon waje in an yi kunnen doki. Wanda ya ci wa Inter ƙwallon da ba ta yi mata amfani ba a daren nan shi ne Obafemi Martins.

Sunansa San Siro ne ko Giuseppe Meazza?

Duka biyun. San Siro sunan unguwar ne. A 1980 aka raɗa wa filin sunan Giuseppe Meazza, ɗan wasan da ya ci kofin duniya da Italiya a 1934 da 1938, wanda ya rasu a 1979. Meazza ya yi wa ƙungiyoyin biyu wasa, amma a Inter ya yi suna, shi ya sa mutanen Inter suka fi sakin baki da sunansa. A wajen Italiya kuwa kusan kowa San Siro yake cewa.

Yaya aka yi ta ƙara masa girma ba tare da an rushe shi ba?

Nan ne gwanintar take, domin San Siro gini uku ne, kowanne ya lulluɓe na gabansa.

Gyaran farko shi ne na bayan sayen 1935. An cike kusurwoyin nan huɗu da lanƙwasassun wuraren zama, rumfunan suka haɗe suka zama zobe guda, aka kammala a 1939. Wannan shi ne hawa na farko.

Na biyu an gama shi a 1955, ƙarƙashin Armando Ronca da Ferruccio Calzolari. Maimakon a ɗora sabon bene a kan tsohon gini ya danne shi, sai aka kafa masa nasa ginshiƙan daga waje, ya leƙo a kan hawa na farko. Hanyar hawa kuma ba matakala ba ce zalla. An yi wasu dogayen hanyoyi masu gangara da suka naɗe ginin daga waje, mutum yana tafiya yana hawa a hankali har ya isa mazauninsa. Waɗannan layukan da ake gani a jikin filin kamar an ja su a karkace, su ne. Masana gine-gine da dama suna ganin wannan hawa na biyu shi ne mafi daraja a ginin gaba ɗaya, kuma shi ne ya zama ƙashin rigimar da za mu zo kanta. Bayan shi aka sa fitilun wasan dare a 1957, aka kafa allon lantarki mai nuna sakamako a 1967.

Na uku shi ne ya ba filin fuskar da duniya ta sani. Italiya za ta karɓi gasar kofin duniya ta 1990, sai aka yi aiki daga 1987 zuwa 1990 bisa zanen Giancarlo Ragazzi da Enrico Hoffer, da injiniya Leo Finzi. Dabarar 1955 aka maimaita, amma da girma. An kafa hasumiyoyin kankare 11 a kewayen filin, suna ɗauke da hawa na uku, kuma ta jikinsu ake hawa. Huɗun da ke kusurwoyi sun fi sauran tsawo, su ne ke riƙe da jajayen ƙarafan da rufin ya rataya a kansu. Ba domin ado aka yi hasumiyoyin ba, aikin ɗaukar nauyi suke yi, kyan nasu daga baya ya biyo.

Wanda ya lura da kyau zai ga hawa na uku bai zagaye filin duka ba. Ɓangare uku kawai ya rufe. A gefen gabas babu wurin kafa hasumiya saboda titi da filin dawakin da ke maƙwabtaka, sai aka bar wajen a buɗe.

Mutum nawa yake ɗauka?

A yanzu kusan 75,800, kuma shi ne mafi girma a Italiya. Bayan aikin 1990 ya haura 85,000. A shekarun baya, lokacin da ake kallo a tsaye ana cunkuso, ana maganar adadin da ya kusa 100,000.

Raguwar ba ta rasa nasaba da bala'o'in da suka sauya tunanin Turai kan filayen wasa: na filin Heysel a Beljiyam a 1985, inda mutum 39 suka mutu, yawancinsu 'yan Italiya, da na Hillsborough a Ingila a 1989. Daga nan aka koma kowane ɗan kallo da kujerarsa mai lamba, da faffaɗan hanyoyin fita, da shinge tsakanin magoya bayan gida da baƙi. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin wuri.

Gaskiya ne rufin da aka yi a 1990 ya lalata ciyawar filin?

Gaskiya ne, kuma shekaru aka yi ana fama. Rufin ya kare 'yan kallo daga ruwan sama, amma shi da dogon hawa na uku sun tare hasken rana da iskar da ciyawa ke buƙata. Ga sanyi da hazon hunturun Milan, ga ƙungiyoyi biyu suna tattaka wuri ɗaya kusan kowane mako, wani lokacin sau biyu. Sai ya zama a kakar wasa guda ana kwashe ciyawar a shimfiɗa sabuwa ba sau ɗaya ba. Ta wannan fuskar an yi gyaran gangar Auzinawa.

A 2012 aka koma ciyawa mai gauraye, wato ta gaske wadda aka dasa wa zaren roba a tsakani domin saiwa ta samu abin kamawa. Ana kuma turo wasu manyan fitilu masu taya a jera su a kan filin tsakanin wasa da wasa, su maye gurbin ranar da rufi ya hana shiga. Duk wanda zai gina fili mai rufi a yau, da wannan darasi yake farawa.

Waɗanne manyan wasanni aka buga a can?

Wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai sau huɗu. A 1965 Inter ta doke Benfica 1 da 0 a gidanta. A 1970 Feyenoord ta ci Celtic 2 da 1. A 2001 Bayern Munich ta doke Valencia a bugun fenariti, a 2016 kuma Real Madrid ta yi wa Atletico Madrid haka.

A kofin duniya na 1934, a nan Italiya ta ci Ostiriya 1 da 0 a wasan kusa da na ƙarshe. A na 1990 an buga wasa shida, biyar daga ciki na Jamus ta Yamma ne. Wanda aka fi tunawa shi ne karonsu da Holan, domin ya zama tamkar wasan hamayyar birnin: Matthäus da Brehme da Klinsmann na Jamus 'yan Inter ne, Gullit da Van Basten da Rijkaard na Holan kuma 'yan Milan. Jamus ta ci 2 da 1.

Akwai kuma ranakun da filin ba ya alfahari da su. A 2005 an dakatar da wasan Inter da Milan a gasar Zakarun Turai bayan magoya baya sun yi ta jefo abubuwa masu wuta, ɗaya ya sami Dida, mai tsaron ragar Milan. A Nuwamban 2017 kuma a nan Italiya ta tashi 0 da 0 da Suwidin, ta rasa gurbin kofin duniya na 2018.

Ina alaƙarsa da 'yan wasan Afirka?

Ranar 8 ga Yuni, 1990, a wasan buɗe gasar kofin duniya, Kamaru ta doke Ajantina ta Maradona, mai riƙe da kofin, da ci 1 da 0. François Omam-Biyik ne ya ci da ka, kuma Kamaru ta ƙarasa wasan da mutum tara bayan an kori biyu da jan kati. A sabon San Siro aka yi wannan, fentin ƙarafan ko dushewa bai yi ba.

George Weah yana Milan ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 1995, kuma a wannan fili ne a Satumban 1996 ya ɗauko ƙwallo tun daga gaban ragarsu, ya ratsa 'yan Verona har ya zura ta. Nwankwo Kanu ya yi Inter, Taribo West ya yi Inter ya kuma yi Milan, haka ma Sulley Muntari na Gana. Samuel Eto'o yana cikin 'yan Inter da suka ci kofi uku a 2010.

In yana da irin wannan tarihi, me ya sa ƙungiyoyin suke cewa ya tsufa?

Saboda kuɗi, kuma ba su ɓoye ba. Filin zamani ba da tikitin talaka yake samun riba ba. Ribar tana wajen ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa na shekara, da wuraren cin abinci, da shaguna, da tarurrukan da ake yi ranakun da babu wasa, da sayar da sunan filin ga mai talla. San Siro an gina shi ne domin a shigar da mutane da yawa su kalli wasa su fita. Bayan kujerun babu sararin kirki, banɗakuna da wuraren sayar da abinci sun yi kaɗan, masu naƙasa suna shan wahala, hawa na uku kuma yana da tsayi da tsinin gangara sosai.

Ga kuma misali a kusa. Juventus ta rushe filin Delle Alpi, wanda shi ma domin gasar 1990 aka gina shi, ta buɗe nata na kanta a 2011. Kujerunsa 41,000 ne da 'yan kai, wato San Siro ya fi shi nesa ba kusa ba, amma duk abin da ya shigo nata ne. Daga 2012 ta jera kofin Serie A tara. Ba filin kaɗai ne ya ci mata su ba, sai dai shugabannin ƙungiyoyin Milan ba su daina kallon wannan lissafi ba.

Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ma ta ƙara wa wutar fetur. A Satumban 2024 ta janye wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2027 daga San Siro, saboda hukumar birnin ta kasa ba da tabbacin cewa aikin gini ba zai shafi filin a lokacin ba.

Me zai hana a gyara shi kamar yadda Real Madrid ta gyara Bernabéu?

Wannan ita ce tambayar da masu adawa da rushewa suka fi yi, kuma tana da ƙarfi. Amsar ƙungiyoyin ita ce yanayin ba ɗaya ba ne. Bernabéu mallakar ƙungiya ɗaya ne, kuma wani ɓangare na aikin ya zo daidai da lokacin annobar korona, sai Real ta koma ƙaramin filinta na Alfredo Di Stéfano tunda dama babu 'yan kallo. Barcelona da ta tashi gyaran Camp Nou ta samu filin Montjuïc ta tare a 2023. A Milan kuwa ƙungiya biyu ce, kowace tana jan sama da mutum 70,000 a wasa, kuma babu wani babban fili a birnin da za su fake. Yin aiki ana wasa zai rage kujeru na shekaru. Sannan ginin da aka yi hawa kan hawa, kowane zobe da nasa ginshiƙan, ba ya sakin jiki a fasa shi a buɗa sarari a ciki. A 2024 an gabatar musu da tsarin gyara, suka ce bai biya musu buƙata ba.

A ganina hujjar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ita ce duka labarin ba. Cinikin bai tsaya kan filin wasa kawai ba, ya haɗa da filayen da ke kewaye, inda za a yi ofisoshi da otal da shaguna. Masu ƙungiyoyin a yau kamfanonin zuba jari ne na Amurka, RedBird ta sayi Milan a 2022, Oaktree ta karɓi Inter a 2024. Irin waɗannan ba kujeru kawai suke ƙirgawa ba.

Mece ce maganar shekara 70 da aka yi ta yi?

A dokar Italiya, ginin gwamnati da ya cika shekara 70 yana iya shiga jerin kayan tarihi da ba a taɓawa. Hawa na biyu na 1955 ya cika 70 a Nuwamban 2025, kuma tun 2023 hukumar kula da kayan tarihi ta nuna tana ganin ya cancanci kariya. Jin haka sai ƙungiyoyin suka fara neman wuri a wajen gari, Milan a San Donato, Inter a Rozzano. Wannan ya tsorata hukumar birnin, domin in suka tafi za a bar ta da ƙaton gini babu mai biyan haya.

Mafitar ita ce a sayar kafin ranar ta cika, tunda ginin gwamnati ne sharaɗin ya shafa. Magajin gari Giuseppe Sala ya kai batun majalisar birni, aka kwana ana muhawara, a ƙarshen Satumban 2025 aka amince da ƙuri'a 24 da 20. Farashin yuro miliyan 197 ne, kuma an sa hannu a takardar ciniki ranar 5 ga Nuwamba, 2025, kwanaki kaɗan kafin wa'adin. Ƙarancin tazarar ƙuri'un ya isa ya nuna yadda kan mutanen birnin ya rabu. Wasu suna cewa an sayar da dukiyar jama'a da araha, wasu suna kukan ƙura da hayaƙin da rushe wannan tulin kankare zai jawo wa unguwar.

To me za a gina, kuma me zai saura na tsohon?

Shirin shi ne sabon fili mai kujeru 71,500 a gefen tsohon, a wajen da ake ajiye motoci yanzu. An ba kamfanonin Foster + Partners da Manica aikin zanen. Wannan ba shi ne zanen farko ba, domin a 2021 an taɓa zaɓar wani na kamfanin Populous, bai kai ko'ina ba. Burin shi ne a kammala kafin gasar kofin ƙasashen Turai ta 2032, wadda Italiya da Turkiyya za su karɓa tare. Bayan ƙungiyoyin sun tare a sabon, sai a rushe mafi yawan tsohon, a bar wani yanki, ciki har da ɓangaren hanyoyin hawa na 1955.

Abin da magoya baya ya kamata su sa wa ido shi ne kason kujerun alfarma a cikin 71,500 ɗin, da kuɗin tikitin bayan raga. A filaye da dama da aka sabunta a Turai, nan ne mai ƙaramin ƙarfi ya fara jin sauyi a aljihunsa.

Har yanzu ana iya zuwa a kalli wasa a tsohon filin?

Ana iya. Milan da Inter za su ci gaba da wasa a cikinsa har sai sabon ya kammala, kuma shi aka zaɓa domin bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu ranar 6 ga Fabrairu, 2026. Tun 2015 layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M5 yake kaiwa har bakin filin, tashar ƙarshe ita ce San Siro Stadio. An raba wuraren zama da launi huɗu: ja da ruwan lemo a gefuna biyu masu tsawo, kore a ɓangaren arewa, shuɗi a kudu. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, don haka ana zuwa da katin shaida ko fasfo. Ranakun da babu wasa akwai gidan tarihi na ƙungiyoyin biyu da zagayen da ake kai baƙi har ɗakunan sauya kaya. Wanda ya sayi tikitin hawa na uku ya fito da wuri, domin zagaye hasumiyar har sama yana ɗaukar lokaci.